Wanda Ya San Warin Barasa

A shekarar da motar kantin fatu ta karya ƙafar Maigandi, mu uku ne ke riƙe da 'yan tamaular Sakkwato. Na farko Alhaji Tambari, dillalin fatun awaki, wanda ya sayi ƙwallon da rigunan wasan, don haka maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Na biyu Malam Ladan, mai ba da karatu a wani zaure kusa da Hubbare, an sako shi ne don kada a ce wasan na 'yan iska ne. Na uku ni, Mode majemi. An ɗauke ni saboda rabin 'yan wasan 'ya'yan majema ne, kuma a lokacin ana ganina da mutunci. Sahun farko nake sallah, ana kirana shaidar ɗaurin aure, matafiyi kan bar mini ajiya ya dawo ya tarar da ita yadda ya bar ta. Akawun kantin, wani mutumin Lakwaja, shi ya ce sunanmu kwamiti. Ba mu san ma'anar kalmar ba, amma ta yi wa Alhaji daɗi har ya sayi sabon rawani.

Kada wani ya ɗauka dattawa irinmu sun damu da ƙattai ashirin da biyu suna bin fata guda da gudu. Abin da ya faru shi ne, bara waccan 'yan Gusau, ma'aikatan tashar jirgin ƙasa, sun zo har filinmu na bayan Ƙofar Dundaye sun zuba mana bakwai, mu ko ɗaya. Wata guda cur Alhaji Tambari bai iya kai fata Gusau ba, domin da zarar ya sauka abokan cinikinsa sai su ɗaga masa yatsu bakwai kafin su amsa sallama. Daga nan tamaula ta tashi daga wasa ta koma maganar mutuncin gari.

Sai aka nemo Sodangi. Tsohon soja ne, direban motar Baturen da ke sayen fatu, kuma a duk 'yan gari shi kaɗai ya iya tuƙi. A bariki ya koyi tamaula, da busa usur, da ashar cikin harshe uku. Akawu ya ce shi kuma sunansa manaja. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aikin. Ya sa su gudu cikin rairayin gulbi har suna amai, ya hana su taruwa kan ƙwallo kamar kaji kan tsaba, ya koya musu wata doka wai ita ofsai, wadda har yau ban ga wanda ya gane ta ba, har da shi mai koyarwar. Cikin shekara guda muka ci 'yan sanda, muka ci akawuna, saura Gusau. Aka sa ranar wata Asabar a can filinsu, Bature kuma ya yarda a ɗauki motarsa ranar Alhamis da safe, da sharaɗin Sodangi ne zai tuƙa. Ko ba sharaɗi ma ai babu wani.

Cikin waɗanda za su hau motar akwai ɗana Siddiƙu, mai tsaron gida. 'Ya'ya bakwai Iyatu ta haifa mini, shida na ɗauka da hannuna zuwa maƙabarta, shi kaɗai Allah ya bar mana. Ya yi aure bara, matarsa na da ciki. Hanyar Gusau kuwa tafiyar yini ce, ga gadoji na itacen giginya waɗanda faɗinsu bai fi na motar da kamu ɗaya ba.

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya aka tashi daga atisaye. Mu ukun muna tafe a ƙasa za mu shiga gari, sai Sodangi ya wuce mu da mota. Ƙofar Dundaye ba ƙarama ba ce, raƙumi da kayansa yana shige ta bai taɓa bango ba, amma Sodangi ya neme ta ya rasa. Ya yi dama, ya yi hagu, ya kwashi Maigandi, wani manomin Dundaye da ya kawo albasa kasuwa yana komawa gida da jakinsa. Jakin ya mutu nan take. Maigandi ya faɗa gindin ganuwa, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

Mu ne muka fara isa. Sodangi ya buɗe ƙofar mota ya zubo, Alhaji ya tare shi da ƙirji, Malam Ladan ya kama hannu ɗaya, ni na kama ɗaya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya sara mana irin ta soja, ya hura mana numfashi a fuska, sannan ya tambaya wane ɗan banza ne ya matsar da ƙofar. Abin da ke fita daga bakinsa, da an kusanto da fitila da ya kama da wuta. Na ga Alhaji ya kau da kai. Na ga Malam Ladan ya ja gefen rawani ya rufe hanci. Ni kuwa na gane warin tun kafin in kama hannun, kuma kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

Dole in faɗi dalili. Lokacin yaƙin Jamus an kwashe mu zuwa Kamaru muna ɗaukar kayan soja a ka. Shekara uku na yi ban ga gida ba, kuma babu abin da ban zuba a cikina ba, daga bammi zuwa burkutu zuwa barasar Turawa in an samu. Sodangi yana kurtu a rundunar da muke bi, kuma ni ne na fara miƙa masa ƙoƙo. Na dawo na tuba, shekara goma sha takwas ban kusance ta ba, ko Iyatu ba ta sani ba. Sodangi kaɗai ya sani, bai kuwa taɓa buɗe baki ba, ko yana buge.

Bature ya zo wurin da almuru, ya zagaya motarsa, ya shafa inda ta loɓe, ya tambaya ko fitila ta fashe. Da aka ce ba ta fashe ba ya koma gida. Maganar ba ta kai gaban alƙali ba, domin Alhaji ya aika wa Maigandi da taikin gero, tare da tunatarwa cewa abin ƙaddara ne, kuma Musulmin kirki ba ya kai ƙaddara ƙara.

Ranar Litinin na tafi Dundaye dubiya. Na tarar maɗori ya ɗaure ƙafar da kara, matarsa Kaltume na zaune tana kore masa ƙudaje. Damina ta matso, ga shi babu jaki babu ƙafa, gero kuwa taiki ɗaya ne. Na yi masa sannu, ya ce ya yafe, tunda manya sun ce ya yafe. Har na miƙe zan tafi ya kira ni.

"Malam Mode, an ce ɗanka na cikin masu tahiya Gusau. Shi ɗin dai ka jan motar?"

Na ce ana kan magana. Na fito na kama hanyar gari, tambayar na bina har gida.

Magana kam ana yi. Marina sun ce a kori Sodangi. Mahauta sun ce a bari a dawo daga Gusau tukuna, ƙafar Maigandi ai ba gudu za ta yi ba. Wani maɗinki ya rantse cewa ƙofar ta ƙara matsewa tun da aka yi mata yaɓe, wani kuma ya ce shi ya ji wai abin da Sodangi ke sha shi ke buɗe masa kai yana ganin wasa tun kafin a yi shi. Sai dai duk wanda ka tambaya ko ya tabbata mutumin ya sha, sai ya ce shi dai an ce. A garin Shehu, wa zai buɗe baki ya ce ya san yadda giya take?

Ranar Talata bayan azahar kwamiti ya zauna a zauren Alhaji. Aka kawo fura, aka rufe ƙofa. Alhaji ya fara da cewa tuƙi daban, tamaula daban. Mu don tamaula muka ɗauki Sodangi, kuma ba da ƙwallo ya buge Maigandi ba, saboda haka maganar tsakanin Bature da direbansa ce. Na ce to, amma jibi wa zai tuƙa 'ya'yanmu, manajan ne ko direban? Alhaji ya dube ni ya ce bai san ina da baki haka ba.

Nan Malam Ladan ya gyara zama ya buɗe gafakarsa. Ya ce duk mun yi gaggawa, kafin a yi zancen kora sai an tabbatar an sha, domin ba a yanke wa Musulmi hukunci da jita-jita. Ya karanto cewa shan giya na tabbata in mai shi ya amsa da bakinsa, ko mutum biyu adilai sun gan shi yana sha, ko kuwa mutum biyu adilai sun ji warinta a bakinsa sun shaida cewa ita ce. Sodangi bai amsa ba, ya ce ma bai tuna da ranar Lahadi ba gaba ɗaya. Ba wanda ya gan shi yana sha. Saura wari, ga mu kuwa mu uku da muka riƙe shi. Malam ya juya ga Alhaji ya tambaye shi abin da ya ji.

"Ni dai warin man mota nij ji," in ji Alhaji. "Waccan abar ko a Makka ko a hanya ban taɓa gamuwa da ita ba, balle in san warinta."

Wannan mutum shekara goma yana shiga ofishin Bature yana fita, yana zama kusa da kwalabe yana jiran a auna masa fata. Alhaji ya mayar wa Malam da tambayar.

"Mura nika yi tun Jumma'a," in ji Malam Ladan, ya ja hanci don mu ji. "Ko tahwarnuwa anka daka gabana ban jin ta."

Suka juyo gare ni, fuskokinsu a sake, domin sun riga sun shirya mini hanya. Majemi ne ni, mai yini cikin bagaruwa da kashin tantabara da ruɓaɓɓen gashi, in na ce hancina ya daɗe da mutuwa ba wanda zai musa. Kalma uku ce, in faɗa in sha furata in tashi da mutuncina. Na kusa faɗa, wallahi na kusa. Sai na tuna da gadar da ke bayan Tureta, wadda na taɓa ƙetarewa da jakai ina riƙe numfashi, na tuna Siddiƙu zai zauna a bayan motar nan ba abin riƙewa sai katako.

"Barasa ta," na ce. "Ba man mota ba na. Kuma ba kaɗan yas sha ba."

Malam Ladan ya yi mini murmushi irin na malami ga ɗalibin da ya yi tuntuɓe, ya ba ni dama ta biyu.

"Malam Mode, shaida ba zato ba ta. Ina kas san warin barasa?"

"Na sha ta. Shekara ukku, can Kamaru. Na tuba tun da nid dawo, amma hancina bai mance ba."

Alhaji ya yi salati. Malam Ladan ya matsar da gafakarsa daga kusa da ni, ya janye ƙwaryar fura ma. Da suka gama girgiza kai, Malam ya yi bayani. Na farko dai shaida ɗaya ba biyu ba ce. Sannan mutumin da ya iya ɓoye abu irin wannan shekara goma sha takwas yana shiga sahun farko, wa ya san me kuma yake ɓoyewa? Ni ba malami ba ne, amma na zauna gaban malamai, na san littafin nan ya ce wanda ya tuba ya gyara ana karɓar maganarsa, kuma irinsa ma ake nema in ana son a gane wari. Malam Ladan ya fi ni sanin shafin. Ranar dai yatsansa bai kai wurin ba.

Alhaji ya ƙara da cewa ko ba wannan, hancin majemi ba abin dogara ba ne. Wato sun yarda na sha, sun yarda na san ta, amma ba su yarda na ji ta ba. Kafin la'asar kwamiti ya yanke hukunci da murya biyu a kan ɗaya. Sodangi bai sha komai ba, zai ci gaba da zama manaja, kuma shi zai ja mota. Mode kuwa zai sauka daga kwamiti, domin bai dace a bar mashayi cikin masu kula da 'ya'yan mutane ba.

An rufe ƙofar zaure kafin a fara, amma kafin magariba labarin ya kai Tudun Wada. Wani baƙauye da ya bar mini takobin kakansa ajiya ya zo a guje ya karɓa, ya zare shi a gabana ya duba ko na shanye rabi. Mutum biyu suka je wurin Malam Ladan suna tambaya ko auren da na shaida yana nan ko sai an sake. A masallaci na tsaya inda na saba, aka bar mini fili dama da hagu wanda jaki zai kwanta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutanen da suka bar filin, na san uku daga cikinsu da ke zagawa bayan bariki da yamma, su ma sun san na sani.

Iyatu ta ajiye mini tuwo. Sai da na wanke hannu ta tambaye ni ko don yaron na yi. Na ce i. Ta ce to in ƙarasa aikin, in hana shi tafiya, kada a yi asarar suna a banza.

Ranar Laraba na kira Siddiƙu a bakin rijiyoyin jima na ce masa ba za shi Gusau ba. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ina magana ba, ranar ya ɗaga. Ya ce tun jiya abokan wasansa ke kiransa ɗan mai hanci, duk wanda ya wuce sai ya hura masa baki ya ce ya kai wa babansa ya auna. In ya ƙi tafiya za a ce uban mashayi, ɗan matsoraci, shi kuwa ba zai ɗauki biyu ba. Na ce umarni nake ba shi. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kirɓa fatarsa, ya bar ni tsaye.

Ranar Alhamis da hantsi rabin gari ya taru a ƙofar kanti. Makaɗa sun zo, mata sun leƙo ta kan katanga, 'yan wasa goma sha uku sun hau bayan mota cikin jajayen riguna. Na tsaya can gefe, gindin wata bishiyar bedi, inda ba zan ɓata wa kowa sahu ba. Kujerar gaba, kusa da direba, ta Alhaji Tambari ce, tun wata guda yake faɗa cewa da idonsa zai ga an rama bakwai ɗin nan. Ya iso cikin sabon rawaninsa ya sanar da jama'a cewa baƙi sun sauka masa daga Agadas, ba zai samu tafiya ba. Aka nemi Malam Ladan ya hau a madadinsa, aka ce murar ta tsananta.

Alhaji ya je ya yi wa manaja addu'a. Ya dafa kafaɗar Sodangi, ya sunkuya dab da fuskarsa, ya daɗe yana motsa leɓe. Kowa na kallon leɓen, ni ina kallon hancin. Sau biyu na ga ƙofofinsa sun buɗe sun rufe. Ya shafa fatiha, ya zagaya bayan mota a hankali, ya kira ɗansa Muntari, wanda duk ƙwallon da muka ci a shekarar rabi daga ƙafarsa ya fito.

"Sabko. Uwakka ba ta lahiya."

Da zan zo na bi ta ƙofar gidansu, na ji muryar uwar tana ciniki da mai nono, ana jiyo ta daga lungu na uku. Muntari ya yi gardama, Alhaji ya daka masa tsawa, ya sauko yana ƙunƙuni. Sauran goma sha biyun, 'ya'yan majema da marina, Alhaji ya yi musu fatan sauka lafiya.

Na fito daga gindin bedi na je bayan motar na kira Siddiƙu da sunansa. Abokansa suka fara shaƙar iska da ƙarfi suna dariya. Ya dube ni daga sama, idonsa ya yi ja.

"Baba, ka tahi gida. Mutane na kallonmu."

Na duba kujerar gaba na ga ba kowa. Na tattara rigata na hau, ban nemi izinin kowa ba, tunda ni ba kwamiti ba ne yanzu. Sodangi ya dube ni ya yi dariya, ya ce shi shekara goma sha takwas yana rufa mini asiri, ni na tona kaina cikin zama guda. Ta safe ya ɗan taɓa, ba mai yawa ba, na ji warin a bakinsa. Na sa hannu ƙarƙashin kujera, daidai inda mai irin halinmu zai ɓoye abu, na zaro kwalbar, saura kaɗan ta cika. Na cire toshiyar zan zubar.

"In ka tuɗe ta, Mode, kahin Mahwara hannuna na rawa. Kai ka sani."

Ya ɗaga hannun ya nuna mini. Na sani kuwa. Wanda ta kama sosai, yawanta na kashe shi, rashinta ma na kashe shi, kuma direba mai karkarwa a kan gadar giginya bai fi bugagge ba. A duk taron nan na masu tsarki ni kaɗai na san gwargwadon da zai tsayar da hannu bai juya ido ba. Na mayar da toshiya na ce masa kurɓi ɗaya a Tureta, ɗaya a Mafara, ɗaya a Maru, kuma ni zan riƙe masa yana sha. Ya ce na fi sajan ɗinsu mugunta, ya sa aka murɗa ƙarfen tayar da mota.

Babu inda zan ajiye kwalbar da hannunsa ba zai kai ba, motar kuwa ba ta da gilashin gefe. Don haka na ɗora ta a kan cinya na rungume da hannu biyu. A haka muka ratsa kasuwa a hankali, makaɗa na gaba, Sakkwato duka na kallon Mode majemi da kwalbar barasa da rana tsaka. Na ji Alhaji yana cewa jama'a su gani da idonsu, Allah ne ya taimaki kwamiti ya gano ni da wuri. Na ji mata suna salati ta kan katanga. Na sa ido a kan hanya.

A kowace gada nakan daina numfashi sai na ji ƙafafun baya sun taka ƙasa. A Tureta na ba shi nasa, a Mafara na ba shi, a gaban yaran, suna kallo ta tsakanin katakai ba mai dariya kuma. Sau biyu ya miƙo hannu a hanya, na buge hannun. Ni kaina warin yana tasowa daga toshiyar yini guda, maƙogwarona na motsi, na yi ta jan salati a zuci. Muka shiga Gusau rana na faɗuwa, na ƙirga masu sauka, goma sha biyu cif.

Da na zo sauka sai na tarar yatsuna sun ƙage a jikin kwalbar, na yi na yi sun ƙi buɗewa. Siddiƙu ne ya zagayo. Ya tsuguna a bakin ƙofar motar a gaban abokansa da mutanen Gusau, ya dinga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya yana murza su har jini ya dawo. Na yi kuka a wurin, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ranar Asabar aka ci mu huɗu. Babu Muntari a gaba, ba wanda ya san inda gidan 'yan Gusau yake, Siddiƙu ya tare abin da ya iya tarewa. Ranar Lahadi muka juyo, ni da kwalbata, muka sauke kowa a ƙofar kanti da ƙafafunsa biyu. Ba makaɗi ko ɗaya da ya zo tarye.

Washegari kwamiti ya zauna, su biyu, wannan karon ƙofa a buɗe. Abokan cinikin Alhaji sun riga sun aiko masa da gaisuwa, sun ce yatsun hannu ba su isa ba yanzu, sai an haɗa da na ƙafa. Aka kira Sodangi aka tsayar da shi a tsakar zaure. Alhaji ya ce ya yi ta tunani, ya kuma tuna cewa warin da ya ji a Ƙofar Dundaye ba na man mota ba ne, barasa ce tsagwaronta. Malam Ladan ya ce shi ma murar ta sake shi, kuma da ya waiwaya ya gane abin da ya shiga hancinsa ranar. Shaidu biyu adilai suka cika, Malam ya buɗe littafi, aka kori Sodangi daga manaja saboda tuƙi cikin maye, jama'a suka yaba wa kwamiti da tsayawa kan gaskiya.

Bature bai kore shi ba, ya ci gaba da jan fatu zuwa Gusau. Maigandi ya tashi da ɗingishi, damina ta wuce shi a kwance. Ni ba a mayar da ni ba, har yau in na shiga masallaci sahu na uku nake tsayawa, kusa da Siddiƙu. Ina bakin zauren ranar da suka ba da shaidar, na jira har aka watse ko wani zai ɗaga murya. Ba wanda ya tambaye su inda suka san warin.